Tsohon da Ya Kwanta a Tsibirin Coll

Paisley, 20 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga Gwaggo Ishbel,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Kawu Lachie da tumakinku da shanunku. Ya sanyi? Ya ƙafar da aka ce tana damun ki? Mu nan lafiya lau, sai tari da ya zagaye gidan ya wuce.

Na san za ki juya ambulan ki ce wace ce kuma wannan. Rhona ce, 'yar Hamish ɗan kawunki, wadda rabonki da ita tun jana'izar Baba. Da waya zan buga, amma an ce kunnenki ya yi nauyi kin bar wa Kawu wayar, shi kuma daga "to" sai "a'a" ya ajiye. Maganar tawa kuwa ta fi ƙarfin "to".

Gwaggo, makaranta zan koma. Likitar dabbobi nake so in zama. Gama dariyar tukuna, ina jira. Gregor mijina ma da na faɗa masa sai da shayi ya sarƙe shi. Shekarata talatin da bakwai, fiye da rabinsu a tsaye na yi su da almakashi a shagon gyaran gashi. Kin san ina 'yar sha biyar na bar makaranta, aiki ya samu, gida kuma yana bukata. Amma abin bai taɓa fita raina ba. Duk Litinin da ake rufe shago ina gidan karnukan da aka tsinta, ina wanke keji ina ba su magani.

Akwai wata Malama Baird da nake yi wa gashi, tana koyarwa a kwalejin garinmu. Rannan kanta na cikin kwano, kumfa har kunne, na ce mata da ina da takardu da na yi kaza da kaza. Ta ɗago, ruwa na zuba a wuyanta, ta ce, "Ke, ki daina 'da na'. Akwai karatun share fagen shiga jami'a na shekara ɗaya, don manya irinku da ba su da takardu. Kemistiri, ilmin halittu, lissafi. In kin ci da kyau jami'a za ta duba ki." Ta ce za ta duba, ba ta ce za ta ɗauka ba, don masu neman likitancin dabbobi sun fi gurbin yawa nesa ba kusa ba.

Ga abin da ya kawo ni ƙofarki. Jami'a ba ta kallon wanda bai taɓa aiki a gona ba. Suna so in kama tunkiya da hannuna, mai gona ya shaida. Ki ba ni wurin kwana a watan Afrilu, lokacin haihuwar tumakinku. Ba na tsoron datti, kuma ba ni da yawan ci.

Taki,
Rhona

*

Coll, 9 ga Maris, 1994

Rhona 'yar Hamish,

Mun amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda take, in iska ta juya ita ce ke fara sanar da ni. Tsoho lafiyarsa lau, ban da gardama ba abin da ke damun sa.

Na gane ki sarai. Ba ke ce dinyata ta kora daga bakin rijiya har ƙarƙashin teburin girki ba, kina ihu kina kiran Hamish? Yanzu ke ce za ki tura hannu cikin saniya? To, duniya mai yayi.

Na karanta wa tsoho wasiƙarki. Ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce, "Mai aski?" Na ce mai gyaran gashi. Ya ce, "Ta zo a watan Yuli mana, lokacin sausayar tumaki." Ya yi ta dariya shi kaɗai har ya fita. Kada ki damu, sau ɗaya yake barkwanci a shekara, na bana ya wuce.

Ni ba zan ɓoye miki ba, ban ga hikimar abin ba. Kina da miji, kina da sana'a a ƙarƙashin rufi, ba ruwa ba iska. Shekara ɗaya ta share fage, biyar a jami'a in sun ɗauke ki, kin haura arba'in ke nan kafin a kira ki likita. Amma an ce gemu ba ya hana ilimi, kuma ba ni na haife ki ba balle in hana ki. Hannu kuwa muna bukata, don bayana da na tsoho duk sun sha aiki.

Ki zo. Ki kawo takalmin roba mai tsawo da rigar ruwa ta gaske, ba irin ta 'yan birni mai furanni ba. Ki yanke farce. In teku ya juya miki ciki a jirgi, ki tsaya a waje ki kalli nesa, kada ki ci ƙwai a Oban kafin ku taso.

Gwaggonki,
Ishbel

*

Paisley, 8 ga Mayu, 1994

Gwaggo tawa,

Ina gaishe ku da kyau. Na iso gida lafiya. Ya gajiyar baƙuwa? A gaida Kawu, a ce masa mai almakashi tana godiya.

Har yau hannuna warin tunkiya yake yi. Wata mata a shago ta ce, "Rhona, wane sabon mai kike shafa mana?" Na ce na tsibiri ne, ba a samun sa a kanti.

Gregor ya sa na ba shi labarin tunkiyar nan mai baƙin kunne har sau uku. Yadda ɗan ya zo da ƙafa ɗaya a baya, Kawu ya dubi hannunsa kamar faranti, ya dubi nawa, ya ce, "Zo nan, yarinya. Naki ya fi shiga. Rufe ido, da yatsa ake gani." Na rufe ido na lalubo gwiwar, na jawo ta a hankali, sai ga shi ya sulluɓo ya faɗo a ciyawa yana atishawa. Gwaggo, na yi wa amare gashi ba adadi, ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba. Kawu kuwa cewa kawai ya yi, "To." Amma kin ce wannan "to" ɗin dabam ne, na yarda da ke.

Wanda ya mutu a hannuna ma ban manta shi ba. Na gode da ba ki lallashe ni ba, kika miƙo mini guga kika ce sauran suna jiran ruwa.

Ya Tormod? Kwanakin farko ban san wa ya fi harara ta ba tsakanin Kawu da bijimin nan. Har yanzu ina mamakin yadda yake ganin hanya da gashi ya rufe masa ido. Ki gaya wa Kawu ba laifina ba ne, almakashi ne ya fito daga aljihu da kansa. Kuma ai gyaran ya yi masa kyau, shanun ma sun fi kula shi.

Takardar shaidar da Kawu ya rubuta ta iso. Layi uku ne: ta zo, ta yi aiki, ba ta gudu ba. Malama Baird ta ce ta fi wasu masu shafi biyu. An ɗauke ni a kwalejin, za mu fara a ƙarshen Agusta.

Taki,
Rhona

*

Paisley, 13 ga Nuwamba, 1994

Gwaggo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na ga wasiƙunki biyu, kunya ce ta hana ni amsawa, ba mantuwa ba. Ina fatan ku da dabbobi kuna lafiya.

Ajinmu taron dangi ne. Akwai tsohon soja, akwai mai tuƙa tasi, akwai wata mai 'ya'ya huɗu da take son aikin jinya. Ni kaɗai ce mai neman dabbobi, don haka suka sa mini Uwar Garke. Ilmin halittu yana shiga kaina kamar ruwa a yashi. Lissafi muna lallaɓawa. Kemistiri ne ya tsaya mini a wuya. Jarrabawar farko na faɗi, faɗuwa kuwa ba ta wasa ba.

Na je wurin Malama Baird na ce ko dai in koma shago gaba ɗaya. Ta cire tabarau ta ce, "In za ki mayar da baƙin gashi fari, me kike haɗawa?" Na faɗa mata. Ta ce, "In kin zarce awo fa?" Na ce gashi ya ƙone, mai gashi ta kai ni ƙara. Ta ce, "To shekara ashirin kina kemistiri a kan mutane masu rai, yanzu takarda ce za ta ba ki tsoro? Ɗauko kujera." Tun daga nan nake zama da ita bayan darasi. Ba zan ce na iya ba, amma na daina jin kamar da wani yare ake magana.

Gregor ya koyi dafa dankali da niƙaƙƙen nama. Shi kaɗai ya koya, shi muke ci kullum. In ya dawo daga tuƙin bas sai ya leƙo ya ce, "Likita, ga marar lafiya ya kawo kansa, yunwa ce ke damun sa." In ce masa ni ba na duba masu baki.

Na aika wa jami'a takardun neman gurbi. Yanzu sai jira.

Rhona

*

Coll, 2 ga Disamba, 1994

'Yar nan,

Muna lafiya. Tsoho ya yi mura ya warke, ya ce maganin da na ba shi ne ya so ya kashe shi.

Har na fara cewa ko kin zama likitar ne kin fi ƙarfinmu. Ashe faɗuwa kika yi kika ɓuya. Wa kika ga ya koyi hawan kwalekwale bai sha ruwa ba? Ni na ce ban ga hikimar abin ba tun farko, amma tunda kin shiga, ban yarda ki fito ta ƙofar baya ba. Na riga na gaya wa matan coci cewa 'yar Hamish tana karatun likita. Kada ki mayar da ni maƙaryaciya da tsufana.

Ga safa na saƙa miki, da busasshen kifi. Ki ba bawan Allah nan Gregor ya huta da dankali.

Ishbel

*

Paisley, 29 ga Janairu, 1995

Gwaggo! Gaisuwa a tsaye, don na kasa zama. Ina fatan kowa lafiya.

Jami'a ta kira ni ganawa, ranar Alhamis 16 ga Fabrairu da safe, a Glasgow. Malamai uku za su zauna su yi mini tambayoyi. Malama Baird ta ce daga kwalejinmu ba a taɓa kiran kowa a wannan fanni ba, kuma rana ɗaya suke bayarwa, wanda bai zo ba ya sha. Na ci jarrabawar kemistiri ta biyu. Na sayi siket mai ruwan toka, Gregor ya ce na yi kama da mai karɓar haraji.

Ki sa ni a addu'a. Ki ce wa Kawu shi ma ya yi, ko da "to" ne.

Rhona

*

Coll, 9 ga Fabrairu

tun ranar Lahadi tsohon ya kwanta, ya ƙi tashi. Abinci sai dai ya kalla ya kau da kai. Likita ya ƙetaro jiya, ya daɗe a kansa, ya fito ya ce shekaru ne, kuma shekaru ba su da magani. Ya ce a lulluɓe shi da kyau, a riƙa juya shi kada gefe ɗaya ya mutu, a jira ikon Allah.

Zuciyata ta karye, Rhona. Ya yi mini taurin kai, ya sa ni magana ba adadi, amma gidan nan ba zai yi daɗi ba in babu shi. Na tuna yadda ya riƙa hararar ki da kika zo, daga baya kuka zama abokai. Da kina kusa da kin zo kin gan shi tun da sauran numfashi.

Amma kada wannan ya ɗauke miki hankali. Ki je ganawarki, ki tsaya sosai, ki yi magana da ƙarfi.

Ishbel

*

Paisley, 14 ga Fabrairu, 1995

Gwaggo,

Ya mai jiki? Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ki ƙarfin zuciya.

Jiya wasiƙarki ta zo. Da na ga ko gaisuwa ba ki yi ba, kin faɗa cikin magana kai tsaye, na san abin ya kai inda ya kai. Na wuni ina buga waya, tana ta ƙara ba a ɗauka. Kawu bai taɓa barin waya ta yi ƙara uku ba. Yau kuma layin tsibirin gaba ɗaya ya mutu, an ce iska ce.

Ke kaɗai kike juya shi? Da wannan bayan naki?

Na buga wa jami'a na ce kawuna yana bakin mutuwa, ba zan samu zuwa ba. Matar ofishin ta yi mini jaje, ta ce za su ba wani lokacin nawa. Gregor ya ce in jira Alhamis ta wuce, kwana biyu ne. Na ce in ya tafi a cikin kwana biyun fa? Mutumin da ya kama hannuna ya sa a cikin tunkiya, ba zan tsaya ina yi wa baƙi bayanin son dabbobi ba shi yana can yana jan numfashi. Jami'a tana nan baɗi. Kada ki yi mini faɗa.

Gobe zan hau jirgin ƙasa zuwa Oban. Wataƙila jirgin ruwa ɗaya zai kawo ni da takardar nan, amma na kasa zama ban rubuta ba.

Rhona

*

Paisley, 18 ga Fabrairu, 1995

Gwaggo Ishbel,

Ina gaishe ki, ko da yake ban tabbata kin cancanci gaisuwa ba. Ina fatan Kawu ya iso gida lafiya, da ƙafafunsa, da sabon bijiminsa. Na san labarin da zai ba ki ba zai wuce kalma biyar ba, don haka ga cikakkensa.

Na sauka Oban ranar Laraba da rana, idona ya kumbura don kuka. Na je tashar jirgin ruwa aka ce babu tashi, iska ta hana tun Litinin. Na tsaya a bakin teku da jakata kamar marainiya. Sanyi ya kore ni na shiga ɗan gidan shayin nan na kusa da tasha. Ina tura ƙofa, wa zan gani a kusurwa, da hularsa ta zuwa kasuwa, ya sa farantin kifi da soyayyen dankali a gaba yana zuba gishiri?

Gwaggo, na yi ƙara har mai shayi ta saki cokali. Kawu ya ɗago ya dube ni ya ce, "Mai almakashi. Me kike yi a nan?"

Na ce, "Kawu, ba kana mutuwa ba?"

Ya duba jikinsa sama da ƙasa, ya ce, "Ba a gaya mini ba."

Na ciro wasiƙarki na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, bakinsa na motsi. Da ya zo wurin taurin kai ya ce, "Wannan kam ni ne." Da ya zo wurin gidan ba zai yi daɗi ba, ya ce, "Wannan Tormod ne. Ba ta taɓa faɗa mini haka ba." Ashe tun Asabar ya ƙetaro kasuwar shanu neman wanda zai gaji bijimin, iska ta tsare shi. Shi ne ma ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya da hannunsa!

Na zauna ina dariya ina kuka, ina cin dankalinsa. Sai ya ce, "Yau Laraba. Ba gobe ne ganawarki ba?" Na faɗa masa abin da na yi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye cokali mai yatsu, ya ce, "Kin ba da gurbinki saboda ni?" Na ce saboda Tormod dai, ashe. Bai yi dariya ba. Ya tashi ya biya mai shayi, ya je ya roƙi wani abokinsa ya kula da sabon bijimin, ya dawo ya ɗauki jakata. Ya ce, "Tashi. Ni aka ce na mutu, ni zan je in ƙaryata."

A gidanmu ya kwana. Gregor ya buɗe ƙofa ya gan shi, ya ja da baya ya ce, "Kawu, sannu da dawowa. Ya can ɗin?"

Da safe muka isa jami'a tun ba a buɗe ofis ba. Matar da na yi waya da ita tana zuwa ta kama hannuna ta ce, "Allah sarki, ya jikin kawun naki?" Na ce ga shi. Ta dube shi, ya cire hula ya ce, "Na ji sauƙi." Sai da na yi mata bayani sau biyu. Ta shiga ciki, muka ji dariya ta tashi ta bayan ƙofa. Ta fito tana share ido ta ce lokacina kam an ba wani, ba za a ƙwace ba. Amma in zan iya jira, za ta tambayi malaman ko za su gan ni bayan sun gama da kowa. Ta ce ba ta yi alkawari ba.

Muka zauna a benci. 'Yan samari da 'yan mata suna shiga suna fita, kowanne na haife shi, wasu da iyayensu. Wata uwa ta tambaye ni wanne ne nawa a ciki. Kawu ya ce, "Wannan ce tawa." Muka wuni a wurin, bai ko tashi shan taba ba. Can da la'asar, har an fara kashe fitilun wasu ofisoshi, aka leƙo aka ce, "Rhona Gillies."

Siket ɗin mai ruwan toka yana gida, na manta shi a ruɗe, da wandon tafiya na shiga. Suka tambaye ni haihuwar tumaki, na ba su labarin mai baƙin kunne da wanda ya mutu. Suka tambaye ni abin da ke kwantar da saniya bayan haihuwa, na faɗi abin da na sani. Suka yi wata tambayar a kan ciwon huhun maruƙa, na ce ban sani ba, shi ya sa na zo. Sai babbar cikinsu, wata farfesa mai furfura da aski irin na maza, ta haɗa hannu ta ce, "Karatun nan shekara biyar ne, ba ya jiran kowa. Shekaranjiya kin ajiye mu saboda marar lafiya. In ranar babbar jarrabawa aka sake aiko miki cewa wani tsoho ya kwanta, me za ki yi?"

Tambayar gaskiya ce. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba zan yi miki ƙarya in ce ba zan damu ba. Amma zan fara tambaya, ƙafa nawa gare shi."

Na kusa da ita ya kifa kai a tebur. Ita ba ta yi dariya ba, ta dai rubuta wani abu. Ban san me ta rubuta ba. Sun ce za a ji daga gare su.

Yanzu ki gaya mini, Gwaggo, don Allah: wa ke fara wasiƙa daga tsakiya?

Rhona

*

Coll, 27 ga Fabrairu, 1995

Rhona ɗiyata,

Muna lafiya, mu biyu masu ƙafa bibbiyu. Tsoho ya iso, sabon bijimi ya iso, wasiƙunki biyu suka iso tare a jirgi ɗaya. Na karanta ta farko na yi kuka, na karanta ta biyu na nemi kujera.

Shafi biyu na rubuta miki. Na farkon yana da gaisuwa, yana da sunan Tormod ɓaro-ɓaro, har da cewa kawunki zai tafi kasuwa. Na same shi ranar Litinin a ƙarƙashin butar shayi, da zoben ruwa a kansa. Na ce ai yarinyar tana da hankali, za ta gane. Wa zai ce a riƙa juya Lachie? Mutumin da ko a gado ba ya juyuwa sai ya ga dama?

Laifina ne, na karɓa. Amma ke ma ki ji. Na rubuta miki ki je ganawarki, wannan layin ai yana shafin da ya iso. In da gaske ne ma, da tsoho ya fi so ki je. Na faɗi wannan don in sauke nauyi. Abin da ya rage kuma shi ne, ba mu haifi ɗa ba, ni da shi, kuma ban san akwai wanda zai bar abin da ya fi so a duniya ya hau jirgi saboda mu ba. Tsoho kuwa ya ba kowa labarin a kanti har sau biyu, shi da ba ya magana.

Tormod ya tafi ranar da iska ta kwanta. Likita Munro, likitan dabbobinmu, ya ƙetaro ya sauƙaƙa masa da allura, kansa a kan cinyata. Sabon ba shi da kunya, ya riga ya karya mini ƙofar lambu.

Ishbel

*

Paisley, 9 ga Yuli, 1995

Gwaggo da Kawu,

Ina gaishe ku, ina fatan sausaya ta yi kyau. Na yi shiru ne da gangan. Tun watan Maris jami'a ta rubuto cewa sun ba ni gurbi, amma da sharaɗi: sai na ci kowane darasi da babban sakamako, har da kemistiri. Na ce ba zan sa ku a zullumi ba, ni da Gregor muka haɗiye.

Jiya sakamako ya fito. Na kasa buɗewa, na kai wa Malama Baird har gida. Ta buɗe a bakin ƙofa, ta karanta, ta ninke, ta ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mini gashi?"

Na ci, Gwaggo. Duka. Kemistirin da ƙyar ya haye, amma ya haye. Zan fara a watan Oktoba. Tsohon sojan ajinmu ya samu gurbi, aikin koyarwa zai karanta, mai 'ya'ya huɗu ta samu jinya. Mai tasi bai samu ba, ya ce zai sake baɗi, mun yi masa alkawarin littattafanmu.

Gregor ya fita da bas yau yana gaya wa duk fasinjan da ya shigo. Wata tsohuwa ta ba shi alewa ta ce ya kawo mini.

Taku,
Rhona

*

Coll, 17 ga Yuli, 1995

Rhona,

Lafiya lau muke, yau kam har ƙafar ta yi shiru.

Na kirga shafukan wasiƙarki kafin in yarda. Sannan na sa hular coci ranar Talata, na taka har kanti, na karanta ta da ƙarfi a gaban kowa. An ce ihu nake yi. Ni ban ji ba.

Tsoho ya fita gona ya daɗe yana gyaran shingen da ba abin da ya same shi. Da ya dawo idonsa ja, ya ce iska ce.

Likita Munro ya zo duba maruƙa jiya, na tare shi tun daga bakin hanya. Ya ce a gaya miki barka. Ya ce shekara da shekaru yana neman wanda zai karɓi tsibiran nan daga hannunsa, yara suna zuwa su ga teku a watan Janairu su gudu. Ya ce ki yi sauri, gwiwoyinsa ba za su kai shekara shida ba. Na ce masa biyar ne. Ya tsaya ya yi lissafi a bakin shinge, ya shafa gwiwar hagu, ya ce to, zai lallaɓa su.

Gwaggonki,
Ishbel